Toyin Goggo Marka na Huɗu

A hutun bazara na shekarata ta biyu a jami'a, a 1981, Baba ya ce in je in dubo yayarsa, Goggo Marka. Rabona da ita shekara shida, tun kafin ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye garinsu, Kwarin Gawo. Ƙawayena na Zariya wasu Kaduna suka nufa, wasu Jos. Da suka tambaye ni sai na ce bakin teku za ni. Suka yi dariya, don sun san babu teku a jihar Sakkwato. Amma haka Baba yake kiran wurin tun da ya je ya gani da idonsa: ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Motar Gusau ta sauke ni a Talata Mafara da hantsi. Tukur, ɗan Goggo tilo, yana jirana a tasha da a-kori-kurarsa wadda yake dakon tumatir da ita. Taubashina ne, shi ɗan mace ni 'yar namiji, saboda haka tun ban gama gaishe shi ba ya fara.

"Malama 'yar boko, an iso? Ina littattahwan? Ko bisa kai kinka ɗauko su, shi yas sa wuyan ya koma kamar na zabuwa?"

Na yi murmushi na shiga gaba. Ban taɓa cin Tukur a wasan baki ba, na daina gwadawa tun ina firamare.

Hanyar da na sani a da tana bi ta ƙarƙashin gawo da tsamiya da ɗorawa. Yanzu babu ko ɗaya. An baje ƙasar ta zama kamar faifai, magudanan ruwa na siminti sun ratsa ta a miƙe kamar an ja su da rula. Ana yankan alkama. Masu yankan sun taru suna hutawa a inuwar wata tirela da ta lalace, domin ita ce kaɗai inuwar da ke wurin. Sai da muka wuce Maradun muka hau jar hanya mai gargada, sannan Tukur ya daina wasa.

Ya ce, "Bari in hwaɗa miki abin da za ki iske. Tun da anka tashe su, sau ukku tana toyin tukwanen da ta gina, sau ukku tukwane na hwashewa. Na kai mata yumɓun Bakura buhu biyu, shi ma ya ƙi. Tana can ita kaɗai, ba ɗa ba jika kusa da ita. Na gina mata ɗaki gidana Talata, hal da daɓen siminti, ta ce ba ta zuwa ta zauna kallon bango. To, mun yi magana gaban liman. Toyi guda ya rage. In ya yi kyau, in ƙyale ta. In ya ɓaci, ta biyo ni."

"Kai wanne kake so?"

Ya kauce wa wani rami kafin ya amsa. "Ni uwata nike so."

Sabon wurin da aka ba su yana kan tudu, ƙasarsa duk tsakuwa. Gidajen a jere suke kamar barikin 'yan sanda. Takardar hukuma ta ba garin suna, amma ban ji ko mutum ɗaya ya faɗe shi ba, Tunga kawai suke cewa. Daga ƙofar gidan Goggo kana hango ruwan a ƙasa, fari fat da rana, sai ka kanne ido. Ko'ina warin kifi da hayaƙin banda. Mutanen da na sani da fartanya a kafaɗa yanzu raga ce a hannunsu, suna ɗinkinta a hankali kamar masu koyon rubutu.

Goggo tana zaune a gindin bango da muka shiga. Gajeriya ce, siririya, amma hannayenta kamar na wani aka ara mata, manya, masu faɗin tafi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lale da ɗiyar ƙanena. Kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina Malam? Ina uwakki? Yaya ƙannenki? Yaya karatu? Yaya zahi? To madalla. Ina muka ji da baƙunta?"

Sai da muka zagaya gaisuwar sau biyu, sannan ta kama fuskata da hannu biyu, ta shafa kumatuna da goshina kamar yadda take shafa tulu kafin ta ce ya yi.

Ta ce, "Ba su ba ki abinci can. An bar ki da ido da hanci."

A nan kusa na ga idanunta. Baƙin cikinsu ya yi hazo, kamar an ɗiga ruwan nono a cikin shayi. Da ta dama mini fura ta zo mayar da ludayi cikin ƙwarya, sai ta ajiye shi a gefe, a ƙasa, ta ci gaba da magana. Na ɗauke shi na goge da gefen zanena. Tukur yana can waje yana sauke buhun gero, bai gani ba.

Da yamma ta nuna mini bayan ɗaki, inda ta tara tukwanen da suka fashe a toyi uku. Tulin ya kai ƙugu.

Ta ce, "Duba aikin dam. Shekara arba'in ina gini, ban san asarar da ta wuce tukunya biyu a toyi ba. Yumɓun Kwarin Gawo kamar man shanu shike, ki haƙo ki daka ki kwaɓa, ba tsinta ba tankaɗe. Fulani tun daga dajin Kuyambana su ka tahowa neman tuluna, su ce ruwan cikinsa kamar na rijiya da asuba. Yanzu yumɓun na can ƙasan ruwa kihi na kwana bisa. Wanga na nan kuwa ƙasa ce marar tarbiyya."

Maƙwabciyarta Kubura, mai bandar kifi, ta leƙo ta kan danga. "Marka, ki bar baƙuwa ta huta mana. Daga zuwanta sai ta'aziyyar tukwane?"

"Ke tahi ki ji da kihinki, duk kin cika muna gari da ƙarni."

"Ƙarnin ga shi ka sa miyarki daɗi."

Washegari Goggo ta ce ba a yin baƙo a hana shi ganin gari. Ta sa Ayuba, mijin Kubura, ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Ayuba manomin shinkafa ne a da, har yanzu yana riƙe filafili kamar ƙotar fartanya. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Na riƙe gefensa gam da hannu biyu.

Da muka yi nisa sai iska ta yi sanyi, gaɓar ta koma wani jan zare a bayanmu. Bazara ta janye ruwan, kawunan itatuwa sun fito, busassu, babu ganye babu ɓawo, farare kamar ƙashi. Balbelu sun jeru a kansu. Ayuba yana ratsawa tsakaninsu a hankali, yana karkata nan yana karkata can, sai daga baya na gane lungunan garin yake bi, ba ya son ya haye ta kan gidan mutane.

Goggo ta miƙa hannu dama. "Ga tsamiyar ƙohwar gidanmu can. Nan anka yanke ma ubanki cibi. Daga ita in kin gangara kaɗan, ramin yumɓu."

Na duba inda take nunawa. Babu komai sai ruwa. Tsamiyar tana hagu, mun kusa wuce ta, rassanta har suna gogar jirgin.

Ayuba ya ce, "Hakanan ne, Goggo." Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan filafili.

Ni ma na ce, "Na gan ta." Na juya na kalli ta hagun a sace.

Aikin ya fara a kwana na uku. Muka gangara gaɓa da sassafe, inda ruwa ya janye ya bar laka ta tsattsage. Goggo ta riƙa ɗebo ƙasa tana murzawa tana sansanawa, har da ɗanɗanawa a harshe, kafin ta ce a haƙa nan. Jakin Ayuba ya yi sawu huɗu. Aka zube yumɓun kashi biyu a tsakar gida ya sha rana.

Da kashin farko ya bushe ta daka shi a turmi, ta baza a tabarma, ta zauna tsinta. Ta gaya mini abin da ake cirewa. Ƙasar bakin ruwan cike take da gutsattsarin ɓawon katantanwa. In ɗaya ya saura a jikin tukunya, wuta ta ci shi, sai ya kumbura ya tsaga ta. A yatsa ba ka bambanta shi da busasshen yumɓu, duk tauri ɗaya ne. Ido ne kaɗai ke raba su, don shi fari ne.

Na ce zan taya ta. Ta ture hannuna. "Hannun biro bai taɓa min yumɓu. Zauna ki yi kallo, hutu kinka zo."

Na zauna ina kallo. Ta cire manyan, waɗanda suka kai ƙwayar masara. Ƙananan kuwa, masu girman gero, suna nan birjik kamar an watsa gishiri. Hannunta yana bi ta kansu yana wucewa. Wani lokaci ma sai ta ɗauki ɗan dunƙulen yumɓu mai kyau ta jefar.

"Na tsince shi tas," ta ce, tana karkaɗe hannu. "In wanga ya hwashe, to ba ni ba ce."

Na shirya maganar a raina sau biyar.

"Goggo, akwai…"

"Akwai mi?"

Ta juyo da waɗannan idanu ta kafe ni da su, ko kuma ta kafe inda take jin muryata.

Na ce, "Akwai zafi yau."

"Bazara ce. Da can Zariya ƙanƙara ka zuba?"

Kafin la'asar ta haɗa shi da dakakken tsingaron tukunya, ta zuba ruwa, ta tattake da ƙafa, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da ya zama kwaɓi, ko mai ido huɗu ba zai ƙara tsince shi ba.

Kwana biyu ina yawo da abin a ƙirji. In na gaya wa Tukur, ba zai jira toyi ba, ranar zai zo da mota. In na gaya mata, ban san da wane baki ba. A gidanmu ba a ce wa babba ya yi kuskure, balle a ce masa jikinsa ya gaza. A aji ma, ko na san amsa, sai in jira wani ya faɗa.

Da ta daka kashi na biyu ta yi masa irin tsintar da ta yi wa na farko, sai ta ce ba za ta jiƙa shi ba sai ta gama gine kwaɓin farko. Ta bar shi a tabarma a ƙarƙashin rumfa. Kullum in ta yi sallar azahar takan shiga ɗaki ta kwanta har la'asar. Ranar ina jin numfashinta ya daidaita na ɗauki wani gwangwanin madara na je na durƙusa a rumfar. Da ƙyar nake kama su, sai da farce. Gumi yana ɗiga daga haɓata cikin ƙasar. In na gama sai in baza shi yadda ta bari, har in kwaikwayi sawun yatsunta.

A rana ta biyu na ji murya ta kan danga, ƙasa-ƙasa. "Ke 'yar Zariya, mi kike biɗa cikin ƙasa? Digirin ne ya hwaɗi?"

Kubura ce. Na ɓoye gwangwanin a bayana kamar ɓarauniya. Ta zagayo ta shigo, ta karɓa ta leƙa ciki ta girgiza shi.

Ta ce, "Kin gani ke nan."

"Ku ma kun sani?"

"Wa bai sani ba? Liman ya sani, maigari ya sani, jakin Ayuba ma ya sani. Ɗanta ne kaɗai bai sani ba, don shi in ya zo sai ta zauna wuri guda tana ba shi umarni. Bara na gwada taya ta tsinta, da muciya ta raka ni ƙohwa." Ta miƙo mini gwangwanin. "Na hwarkon hwa?"

"An riga an kwaɓa."

Kubura ta dubi ɗakin da Goggo ke kwance. Ta ce, "To. Allah shi sa alheri ne." Ta fita ba ta ƙara wasa ba.

Rana uku na yi ina tsinta, gwangwanin ya kusa rabi. Na cusa shi cikin akwatina ƙarƙashin littattafai.

Ginin kuwa, ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. A nan ba ta bukatar ido. Sai ta kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bugawa da ɗan dutse mai santsi. In ya sha iska ta ɗaga ta juya, ta riƙa ɗora masa dunƙule-dunƙule tana zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, kanta a ɗage kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Wuya ya fito, baki ya fito. Ta shafa jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har ya yi ƙyalli. Tana yi tana ba ni labarin Baba yana yaro, yadda ya fasa mata tulu uku a rana ɗaya, aka ce wannan ba zai yi moriya ba, a kai shi boko.

Na lura na kwaɓin farko ta yi musu ado da murɗaɗɗiyar igiya, na biyu kuma da totuwar masara. Na tambaye ta dalili.

"Hakanan uwata ta koya min. Kowane kwaɓi da zanenshi. In abu ya ɓaci ki san daga inda ya hito."

Na ce a raina ko rabi ne ya tsira ai ya fi babu. Tukur zai ga an samu ci gaba, ya ƙara mata lokaci. Iyakar lissafina ke nan.

Tukwanen suka yi kwana takwas suna bushewa a inuwa, goma masu igiya, tara masu totuwa. A kwanakin na zaga ƙauyukan gefen ruwa tare da Kubura, muna kai bandar kifi. Na ga gonakin tudu inda gero bara bai kai gwiwa ba. Na ga wata tsohuwa da ta dasa kuka a cikin fasasshen kwano tana ba ta ruwan alwala. A wani gida aka ambaci rikicin dam na bara, wanda 'yan sanda suka harbe mutane a cikinsa, sai matar gidan ta tashi ta shiga ɗaki, Kubura ta ce mu tafi rana na yi. Ranar kasuwar Maradun na tsaya a layin masu tukwane, na ga rabinsa ya koma na masu robobi da jarkoki.

Ranar Laraba bayan la'asar aka yi toyin, a wani fili bayan gari. Goggo ta jera su da kanta a kan kara, baki ƙasa, ta lulluɓe da busasshen kashin shanu da yayi da ƙaiƙayi. Ta yi bisimilla ta sa wuta ta ɓangaren da iska ke zuwa. Matan Tunga suka tsaya nesa-nesa da goyo, babu mai hira. Wutar ta tashi ta fi tsayin mutum.

Ba a jima ba muka ji ta farko. Ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sai ta biyu. Goggo tana tsaye ta dogara da sandar tona wuta, fuskarta ba ta motsa ba, amma ina ganin babban yatsanta yana bin gaɓoɓin sauran yatsun. Kafin kiran magariba ƙarar ta daina. Ta ce a bar shi ya huce, mu tafi.

Da gari ya waye muka koma, ni da ita da Kubura. Ta tone tokar da sanda, ta riƙa jawo su ɗaya-ɗaya. Kowace ta ɗauka sai ta shafa wuyanta, sannan ta ƙwanƙwasa da zoben azurfarta. Mai lafiya tana amsawa da amo mai tsawo. Mai tsaga kuwa sai ta ce ɓaf, ta yi shiru. Tana ware su, dama da hagu.

Da ta gama, na dama tara ne, na hagu goma.

Kubura ta ce, "Marka, barka. Tara ras. Rabon da a ga haka tun Kwarin Gawo."

Goggo ta ajiye sandar. Ta durƙusa a tsakanin kashin biyu. Ta bi na hagu da hannu, wuya bayan wuya. Ta juya ta bi na dama. Ta sake komawa.

Ta ce, kamar da kanta take magana, "Igiya duka ta mutu. Totuwa duka ta rayu. Rami guda munka haƙa. Rana guda. Wuta guda. Hannu guda." Ta daɗe a durƙushe. "Kubura, ke ce?"

"Ni da kinka kora da muciya?"

"Taiba."

Tun da na zo ba ta kira sunana ba sai ranar, kullum ɗiyar ƙanena take cewa. Na juya na tafi gida da sauri, na ɗauko gwangwanin, na dawo na durƙusa a gabanta. Ta miƙo tafin hannu na zazzage mata kaɗan. Ta murza su. Ta ɗaga hannun ta kai shi dab da fuskarta, ta karkata shi wajen rana, ta matso da shi har numfashinta yana motsa su.

"Wanga duka cikin wanda na tsince?"

"E, Goggo."

"Hwari ne?"

"Fari ne."

"Hwari ƙal, ko dai ya yi kalar ƙasa?"

Na san amsar da take so. Kubura tana bayanta tana yi mini alama da ido. Amma hannun yana nan a buɗe tsakaninmu, suna walƙiya a kai.

Na ce, "Fari ƙal."

Ta gyaɗa kai. "Na Bakura ma ke nan." Ta kife hannun suka zube cikin toka. "Shekara ukku ina zagin ƙasar Allah."

Da hantsi Tukur ya iso. Ya tsaya ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya ɗauki tulu ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya ji amon. Na ga fuskarsa ta kasu biyu. Sai ya yi dariya ya tura hularsa gaba.

"To, Inna, kin ci ni. Tara ba wasa ba. Ashe 'yar boko na da albarka, ni na ɗauka sai cin tuwo ta iya. Ɗakin nan sai in zuba mishi albasa."

Goggo ta ce, "Kar ka zuba. Ka juyo da motar ƙohwar gida."

"Inna, ai magana munka yi. In ya yi kyau…"

"Nawa goma ne, ga su nan hagu. Ka tahi ka hwaɗa ma liman toyi ya ɓaci."

Tukur ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Kubura ce ta ja shi gefe ta yi masa bayani a taƙaice. Ina hango shi ya cire hular yana murza ta a hannu. Da ya dawo ya tsuguna a gaban uwarsa ya daɗe yana duban idanunta, ita kuma tana duban gefen kunnensa.

Ya ce, "Akwai asibitin ido. Ana kankare yanar ido, na ga waɗanda anka yi ma."

"In Allah ya so."

Kubura ta ce, "Marka, ki tsaya mana. Tsinta ce kawai. Ni in tsince miki, ke ki gina. Ba mai ji."

"Yau ki tsince min yumɓu, gobe ki ce min ga wuta ta ci gehe guda, jibi ki ce ga rijiya gabanki. Ke da kihinki da ɗiyanki bakwai." Ta dafa sanda ta miƙe. "In dai zan zama wa wani kaya, gara wanda na haihwa."

Na ce, "Goggo, ki gafarce ni. Da na yi magana tun ranar farko…"

"Da na kore ki da muciya." Ta nemo kaina da hannu ta dafa. "Tashi ki ɗaure min tabarmi."

Kayan ba su da yawa. Gado, akwatin ƙarfe, turmi, buhun gero, akuya biyu. Dutsen bugu da zaren 'ya'yan kuka ta bar su a kan bango, Tukur ya ɗauka a ɓoye ya sa a aljihu. Tukwane taran ta ce a raba wa gidajen layinsu, kada a kai kasuwa da sunanta. Mata suka yi ta shigowa sallama har azahar, ana yafe wa juna. Kubura ba ta shigo ba. Ta aiko da ƙullin bandar kifi, muna jin ta a bayan danga tana faɗa da kaji ba gaira ba dalili.

Goggo ta zauna a gaban mota tsakanina da Tukur. Da ya tayar da inji ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Ni haske kawai nike gani ta wajen. In ruwan ya ɓace ki hwaɗa min."

Hanyar ta bi gefen tudu. Ruwan yana hannun dama, yana leƙowa tsakanin duwatsu, da jirage biyu ko uku a kansa kamar ƙudaje. Muka hau wani hawa, muka gangara, ya ɓuya a bayan tudun. Na jira ko zai sake fitowa. Muka wuce wata gonar rogo, muka wuce garken shanu, muka wuce masu keke ɗauke da itace. Tukur yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana goge fuska da hula. Har rufin kwanon gidajen Maradun ya fara bayyana.

Na ce, "Goggo, ya ɓace."

Ta ce, "Tun ɗazu. Na ji iskar ta sake." Ta gyara lulluɓinta, ta ɗora manyan hannayenta a kan cinya, ɗaya bisa ɗaya.